SHARHI: Soja, motar Maraɗi da kuɗin fito a iyakar Jibiya

Ga mutanen Kusa da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Jibiya, Maraɗi ta fi Kano kusa, kuma motar da ta shigo daga Nijar ta bayan fage ta fi wadda aka biya wa kuɗin fito a Legas araha nesa ba kusa ba. Sojan da aka turo yankin yaƙi da 'yan bindiga yana ganin wannan bambancin farashi kamar kowa. Abin da ya raba shi da farar hula shi ne, ba kasafai ake neman takarda a hannun mai kaki a shingen bincike ba. Wannan sassaucin ne ke sa wasu ɗaukar cewa doka ta yafe wa soja harajin mota. Ba ta yafe ba.

Ruɗanin yana da tushe. Shekara da shekaru, harajin albashin sojoji da 'yan sanda gwamnatin tarayya ce ke karɓa, saboda haka sauyin wurin aiki daga Borno zuwa Katsina ba ya jefa soja hannun hukumar harajin wata jiha. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yuni 2025 ta ƙara da cire albashin soja daga harajin kuɗin shiga. Sai dai duk wannan a kan albashi ya tsaya. Kuɗin fito a kan kaya yake, kuma ba ya duba muƙamin mai saye.

Ko a Amurka, inda dokar 2003 ta kare soja daga biyan harajin albashi da na kadara ga jihar da aka tura shi, kariyar ba ta kai ga ciniki ba. Tun a 1969 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci, a wata shari'a da ta taso daga jihar Connecticut, cewa jiha na da ikon karɓar harajin saye daga soja. A Najeriya kuwa sayen mota a wata jiha a yi mata rajista a wata ba ya jawo sabon harajin ciniki, domin harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari ɗaya ne a ko'ina. Iyakar da ke da tsada ita ce ta ƙasa da ƙasa.

A wannan iyaka ne matsalar take. Daga ranar 1 ga Janairu 2017 gwamnatin Muhammadu Buhari ta haramta shigo da motoci, sababbi da tsofaffi, ta iyakokin ƙasa, aka mayar da komai tashoshin jiragen ruwa. An rufe iyakoki baki ɗaya a watan Agusta 2019, aka buɗe ta Jibiya a watan Afrilu 2022, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli 2023, sannan aka buɗe a watan Maris 2024. Babu ɗaya daga cikin waɗannan buɗewa da ta haɗa da motoci. Ma'ana, wanda ya sayi mota a Maraɗi da niyyar biyan haƙƙin gwamnati ba shi da tagar da zai biya a ofishin kwastam na Magama. Sai dai hanyar daji.

Hanyar halal kuma ta yi tsada. A tsarin da aka fara a 2022, an sanya wa tsohuwar mota kashi 20 na kuɗin fito da ƙarin kashi 15, ban da VAT, kuma da lambar shasi ake ƙiyasta darajarta, wanda ya rage damar sasantawa da jami'i. Ana lissafin da dala ne. Bayan sakin darajar naira a watan Yuni 2023, dalar da ke kusan naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a 2024, kuɗin fito ya bi ta. Ƙaramin soja mai iyali a bariki ba ya iya haɗa irin wannan kuɗi daga albashi.

Amma arahar tana da ranar biya. Lambar jiha da takardun rajista ba sa wanke motar da ba a biya wa fito ba, kuma dokar Hukumar Kwastam ta 2023 ta ba jami'ai ikon kama irin wannan mota a duk inda suka same ta. Kaki na iya rufa mata asiri muddin mai shi na bayan sitiyari. Ranar da aka yi masa canji ya nemi sayarwa, dillali zai karya farashi saboda rashin takarda. Ranar da ya yi ritaya, ko matarsa ta ɗauki motar zuwa Kano, babu sauran kariya. Mafi ciwo shi ne idan ya rasu a fagen daga: motar da ya kamata ta zama gadon marayu sai ta zama kayan da ake iya ƙwacewa a kan hanya.

Akwai kuma asarar da ba ta kuɗi ba. Jama'ar Jibiya sun daɗe suna kokawa da yawan shingaye tsakanin garinsu da Katsina, inda ake bincikar ɗan kasuwa a kan buhu ɗaya. Duk lokacin da suka ga mota mara takarda ta wuce saboda wanda ke cikinta, yardarsu da jami'an tsaro na raguwa, alhali da bayanan da suke bayarwa ake yaƙar 'yan bindiga.

Gwamnati ta sha gwada gyara ta baya. A watan Maris 2017 shugaban kwastam na lokacin, Kanar Hameed Ali mai ritaya, ya umarci masu motoci su tantance takardunsu su biya abin da ya rage. Majalisar Dattawa ta yi ca, aka dakatar da shirin. A watan Maris 2024, ƙarƙashin Bashir Adewale Adeniyi, an ba da wa'adin kwana 90 domin daidaita motocin da suka shigo ba bisa ƙa'ida ba. Irin wannan afuwa tana share tsofaffin motoci, amma washegari sababbi na shigowa.

Zaɓi biyu ne a gaban Abuja. Ko dai ta buɗe tagar biyan kuɗin fiton mota a Jibiya, yanzu da lambar shasi ta sa ƙiyasi ya zama ɗaya a Apapa da Magama, ko kuma, idan tana ganin soja ya cancanci rangwame, ta rubuta shi a doka da sharuɗɗansa: mota nawa, bayan shekara nawa, da wanda zai tantance. Kafin nan, abin da ya rage wa sojan da dillali ya kawo wa mota mai araha shi ne ya kai lambar shasinta ofishin kwastam na Katsina a duba, kafin ya miƙa ko sisi.