A Haɗa Wa Mai Allurar Insulin Da Abin Gwajin Jini

A asibitocinmu, idan an ɗora magidanci a kan allurar insulin, akan rubuta masa kwalba da sirinji, a nuna masa inda zai soka a ciki ko a cinya, a ce ya dawo bayan wata guda. Abin da zai gane ko allurar ta yi daidai da jikinsa, wato na'urar gwajin suga da 'yan tsinkayen da ake ɗiga wa jini, shi aka bar wa aljihunsa. A ganina nan ne maganin yake rushewa.

Ba zato nake yi ba. A 1993 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da ake kira DCCT, wanda aka yi a Amurka da Kanada a kan mutum 1,441 masu nau'in ciwon suga na ɗaya, waɗanda jikinsu ya daina yin insulin. An raba su gida biyu. Kashi ɗaya suna allura sau ɗaya ko biyu a rana kamar yadda aka saba. Ɗaya kashin kuwa sau uku ko fiye, suna gwada jini aƙalla sau huɗu kullum, suna ƙara allura ko rage ta gwargwadon abin da na'ura ta nuna da abin da za su ci. Bayan kimanin shekara shida da rabi, haɗarin fara lalacewar ido ya ragu da kashi 76 cikin ɗari a wajen masu yawan gwajin, lalacewar jijiyoyi da kashi 60, ƙodarsu ma ta fi samun lafiya. Maganin iri ɗaya ne. Bambancin shi ne wasu suna yawaita allura suna kuma ganin abin da suke yi a kai a kai, wasu kuwa kusan lalube suke a duhu.

Binciken ya kuma nuna wani abin da ya kamata ya tsorata mu. Waɗanda aka matsa wa sugansu ya sauka sun ninka sauran kusan sau uku wajen faɗuwar suga mai tsanani, ga su kuwa da na'ura a hannu da likitoci a kansu. To ina ga direban da ya yi allura da asuba, bai karya ba, ya kama hanyar Kano zuwa Maiduguri? Idan suga ya yi ƙasa da 70, sai gumi da karkarwa da ruɗewa, wani ma ya sume. Iyali kan ɗauka iska ce ta taɓa shi, a shiga tofi da hayaƙi, alhali ruwan sukari yake buƙata tun yana iya haɗiya. Wanda ya taɓa shan wannan wuya sau ɗaya, da kansa zai riƙa rage allura don tsoro, sugan ya hau ya zauna, shekaru kaɗan a fara maganar wankin ƙoda ko yanke ƙafa. Daga nan sai unguwa ta ɗauka cewa allura ce ta ƙarasa shi, masu maganin lasifika su samu kasuwa.

Wani zai ce ai akwai gwajin HbA1c da ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, wanda ake so ya tsaya ƙasa da 7 ga yawancin manya. Yana da amfani ƙwarai, amma ba zai gaya wa mutum nawa zai yi da daren nan ba. Kuma sikila, da ta yi yawa a cikinmu, tana iya karkatar da sakamakonsa.

Na san tsada ce ƙashin bayan matsalar. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, insulin da tsinken gwaji, da galibinsu daga waje ake shigo da su, suka fi ƙarfin talaka, kuma idan kuɗi ya gaza gwajin ake fara yadawa. Amma akwai inda za a samo. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba mai zaƙi. Ina kira ga Majalisar Tarayya ta ware wani kaso na wannan haraji don sayen tsinken gwaji, hukumomin inshorar lafiya na tarayya da na jihohi kuma su sa shi cikin abin da suke biya tare da insulin. Likitocinmu ma kada su sallami mai allura sai sun koya wa matarsa ko ɗansa alamun faɗuwar suga da abin da za a ba shi nan take.