Kwamfutarka ba ta mutu ba, had-dis ne ya gaji

Wata Laraba da daddare ina zaune a ɗakina a Bomo, ina gyaran babi na huɗu na furojet, sai kwamfutata ta fara wata ƙara, ƙyas-ƙyas-ƙyas, kamar ana ƙyasta ashana. Gaskiya ba ranar ta fara ba. Ta kai wata biyu tana yi mini kashedi: in kunna ta, in je in yi alwala in dawo ba ta gama tashi ba, fayil ya ƙi buɗuwa, wani lokaci allon ya koma shuɗi ta ɗauke. Ni kuwa kullum sai in ce ai bairos ne. A daren nan ta ɗauke, ba ta sake tashi ba. Babi uku da rabi, da amsoshin takardun tambayoyin da na sha rana ina rabawa a Samaru, duk suna ciki, kuma babu kwafi a ko'ina.

Washegari na nufi Sabon Gari. Mai gyaran da na fara samu ko buɗe ta bai yi ba ya ce, "Malam, wannan ta gama yayi. Bar mini ita, ka ciko kuɗi in ba ka wata." Allah ya taimake ni ba ni da abin cikon. Wani abokina da ke karanta injiniyancin kwamfuta ne ya kwance ta da sukundireba, ya zaro had-dis ɗin, ya sa shi a ɗan akwatin da ake jonawa ta USB. Babi biyu muka ceto. Sauran sai da na sake rubutawa daga farko, cikin sati uku, ido jajir.

Abin da na koya shi nake son faɗa wa 'yan'uwana ɗalibai: yawancin tsofaffin kwamfutocin da muke kuka da su lafiyarsu ƙalau. Abu ɗaya ne ya gaji a cikinsu, kuma ana iya canza shi.

Had-dis faifai ne da ke juyawa, a irin namu galibi sau 5,400 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu da ke shawagi a samansa yana karatu da rubutu, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashi ba. To ka duba yadda muke yi da shi: a jefa cikin jaka ba a kashe ba, a hau acaɓa ana gargada, ga zafin bazara, ga kwamfutar da batirinta ya mutu, da an ɗauke wuta sai ta ɗauke tana tsakiyar rubutu. Kuma yawancinmu na hannu muka saya, wani ya riga ya more shekarunsa a Turai ko Amurka. Tawa HP EliteBook 8470p ce, ƙirar 2012. Wane ƙarfe ne zai yi ta juyawa shekara goma da ɗoriya bai gaji ba?

Maganin shi ne SSD. Shi babu abin da ke motsi a cikinsa, don haka girgiza ba ta damunsa, ga sauri. Irin mai inci 2.5 mai bakin SATA yana shiga daidai gurbin tsohon. Tun da na sa shi, kafin in gyara zama ta tashi. Da tsohuwar zuma ake magani, wallahi.

Aikin ma ba wani tashin hankali ba ne, amma a bi shi daki-daki. Tun kwamfutar na numfashi, kwashe fayilolinka, masu muhimmanci a fara da su, domin had-dis mai ciwo na iya tsayawa ana cikin kwafa. Ƙaramar manhajar nan CrystalDiskInfo, kyauta ce, za ta nuna maka lafiyarsa. In ta nuna rawaya ko ja, kada ka jira gobe. Sannan a kashe, a zare caja, a cire batir, a kwance murfin, a musanya, a ɗora Windows sabuwa daga fulash.

Na san wani zai ce, "Kai ɗan'uwa, ana ta kuɗin makaranta da na haya, ina muka ga na SSD?" Haka ne. Amma kwatanta shi da kuɗin wata kwamfutar, ko da na zaman kafe kullum ana biya a buga maka aiki. Mai 256GB ya ishi ɗalibin da ba tara finafinai yake yi ba. Abin da ba na goyon baya shi ne sayen tsohon had-dis don araha: ka cire mara lafiya ka sa wanda ba ka san ciwonsa ba. Araha ba ta ado. Shi ma SSD akwai jabu, don haka a gwada a gabanka, ka karɓi rasit.

Wani kuma zai ce Windows 10 ai ta ƙare. Gaskiya ne, Microsoft ta rufe tallafin da ta saba ba ta ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma irin tawa ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Wanda aikinsa rubutu ne da bincike a intanet, Linux Mint kyauta ce kuma tana tafiya sumul a tsohuwar na'ura. Mai buƙatar AutoCAD ne zai yi lissafi daban. In kuma uwar allon ce ta lalace, to a nan kam a haƙura.

Abu biyu kada a manta. SSD ma yana mutuwa, kuma shi ba ya ƙara kafin ya tafi. Duk mai Gmail yana da 15GB kyauta a Google Drive. Tura wa kanka babin da ka gama kafin ka kwanta. Na biyu, karɓi tsohon had-dis ɗinka ka tafi da shi gida. Hotunanka, takardun shaidarka, bayanan bankinka, duk suna nan ciki. 'Yan'uwana mata, wannan ya fi shafar ku: kada ki bar shi a shagon kowa, kuma in da hali ki tsaya a yi aikin a gabanki.

Daga ƙarshe, ina da kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai. Muna da 'yan kimiyyar kwamfuta da 'yan injiniya, muna da ɗakunan gwaji. Me zai hana a ware rana ɗaya a farkon kowane zangon karatu, kowa ya kawo tasa a duba lafiyar had-dis kyauta, wanda ya sayo SSD a ɗora masa? Su sun sami horo na zahiri, mu mun huta da asara. Makarantar koyon sana'a muke. Abin kunya ne a ce kusoshi huɗu sun gagare mu.

Gemuna ya riga ya kama da wuta. Ku shafa wa naku ruwa tun kafin lokacin difens. Allah ya ba mu sa'a.