Kafin a sayar da gona don gina dandalin sada zumunta

Wata ranar Alhamis, bayan mun gama shirin gaishe-gaishe na yamma, samari uku suka tare mu a ƙofar gidan rediyo. Ƴan fada ɗaya ne, kuma mun san iyayensu duka. Bayan an gaisa, sai babbansu ya ce, "Kawu, shawara muka zo nema. So muke mu buɗe dandalin sada zumunta na intanet, irin Facebook, amma na Hausa zalla. Mun samu wani a birni ya ce zai haɗa mana shi a kan sefa miliyan 2." Muka tambaye su inda za su samo wannan kuɗi. Ɗayansu ya sunkuyar da kai ya ce akwai gonar gado da shi da ƴan'uwansa suke shirin sa wa a kasuwa.

Maganar gonar nan ce ta sa muka kawo batun a wannan fili, domin mun san ba su kaɗai ke wannan mafarki ba. Daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, kusan kowace fada akwai yaron da ya ji labarin ɗalibin da ya fara Facebook a ɗakin kwanansa ya zama attajiri, yana kuma tambayar kansa me zai hana shi ma.

Mu fara da yi wa mutumin birni adalci: bai yi musu ƙarya ba. Da miliyan 2, kai ko da ƙasa da haka, ana iya haɗa shafin da mutum zai yi rajista, ya sa hotonsa, ya aika saƙo. Sai dai abin da ya faɗa musu kuɗin sayen doki ne. Bai faɗa musu kuɗin dawa da ciyawa ba, bai faɗi ladan yaron barga ba, balle kuɗin magani ranar da dokin ya kwanta. Kowa kuwa ya san mutane da yawa sun iya sayen doki, amma kaɗan ne suka iya riƙe shi.

Mu ƴan rediyon karkara mun sha wannan darasi tun kafin intanet ta iso ƙauye. Tun da aka buɗe gidan rediyon Bankilare a 1999, irin waɗannan gidaje suka yi ta bazuwa cikin ƙasa, akasarinsu da kayan da masu taimako suka bayar kyauta. Muna tune da ranar da aka buɗe namu: makaɗa, dawaki, jawabai, hakimi ya yanke ƙyalle. Babu wanda ya tashi a taron ya tambayi wa zai sayi batura in waɗannan suka mutu. Suka kuwa mutu. Bayan su na'urar watsa shirye-shirye ta ƙone cikin bazara, muka yi watanni shiru muna jiran mai gyara da kuɗin da za a biya shi. Abin da ya tashe mu, kuma yake riƙe da mu har yau, shi ne ƴan kuɗin sanarwar aure da suna da cigiya, da katin gaisuwa, da haƙurin ma'aikatan da sau da yawa ba su ganin albashi.

To mu koma kan labarin Facebook ɗin, domin rabinsa kawai ake ba samarinmu. Gaskiya ne a watan Fabrairun 2004 Mark Zuckerberg da abokansa suka fara shi a jami'ar Harvard ta Amurka, kuma hayar kwamfutar da ke riƙe da shi dala 85 ce a wata. Dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba, amma duk da haka bai kai jika 50 ba a canjin lokacin. A nan masu ba da labari kan tsaya. Ga sauran: cikin wannan shekara wani attajiri mai suna Peter Thiel ya zuba dala 500,000, wato fiye da sefa miliyan 250. A 2005 kamfanin zuba jari na Accel ya ƙara dala miliyan 12.7. A shekarar ne kuma suka biya dala 200,000 don sayen sunan shafin kawai, suna tsurarsa, ba tare da komai ba. A 2007 Microsoft ya sa dala miliyan 240. Duk da wannan ruwan kuɗi, sai a 2009, lokacin da masu amfani da shi suka kai miliyan 300, kamfanin ya sanar cewa abin da ke shigowa ya fara rufe abin da ke fita. Shekara biyar ke nan ana ciyar da doki da kuɗin wasu. Gona nawa za a sayar a yi haka?

Mai karatu zai so ya san ina kuɗin ke tafiya. Na farko, rumbu. Duk hoto da murya da bidiyon da aka aika sai sun samu wurin kwana a cikin wasu manyan kwamfutoci da ba a kashe su dare da rana. Hayarsu ake yi, duk wata, kuma galibi da dala ko yuro ake biya. Gwargwadon yawan jama'a, gwargwadon kuɗin haya. Mutanenmu kuwa ba rubutu suka fi yi ba, saƙon murya da bidiyo suka fi aikawa, su ne kuma masu nauyi: bidiyon biki na minti ɗaya ya fi rubutu shafi ɗaruruwa cin wuri. Wanda ya ce zai ajiye kwamfutar a gidansa don ya huta da haya, sai ya tuna da zafin bazara, ya kuma tuna da 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana wutar lantarki bayan juyin mulki, aka yi watanni ana fama. Dandalin da ke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta, ba mai zama a cikinsa.

Na biyu, ma'aikata. Manhaja ba tukunya ba ce da za a gina a gasa a ajiye. Wayoyi na canzawa, ɓarayin intanet na neman kafa, mutane na manta lambobinsu na sirri suna neman wanda zai buɗe musu. Mutumin da ya karɓi miliyan 2 ya gama nasa ranar da ya miƙa aiki. Ranar da abin ya tsaya da tsakar dare, sabon ciniki ne.

Na uku, wanda ba a cika lissafawa ba alhali ya fi sauran haɗari, shi ne masu sa ido a kan abin da jama'a ke sakawa. A rediyo, duk lokacin da muka sa mai kira a iska, hannunmu na kan maɓalli. Ya fara zagi ko ya taɓo ƙabila ko addinin wani, mu katse shi nan take, domin mun san mu za a kira gobe. To wannan mutum ɗaya ne a lokaci guda. Yaya ke nan in mutum dubu goma ne ke magana tare, dare da rana? Facebook ya ce yana da wajen mutum 15,000 masu duba abin da ake sakawa, amma hakan bai hana ɓarna ba. A 2018 BBC ta yi bincike a jihar Filato ta Najeriya, inda ƴan sanda suka ce hotunan ƙarya da aka yaɗa a Facebook sun taimaka wajen hura wutar rikicin da ya ci rayuka. A nan gida kuma akwai dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka ƙara wa tsanani a 2024. Samari uku da ba su da mai gadi ko ɗaya, in aka yaɗa ƙazafi ko hoton ɗiyar wani a zaurensu, ƙofar wa za a ƙwanƙwasa?

Na huɗu, jama'ar kanta. Ba a zuwa kasuwa don kyan rumfuna, ana zuwa ne don mutane na can. Wanda ya shiga sabon dandali ya tarar babu ƙaninsa da ke Agadas, babu abokinsa da ke Kano, ba zai sake leƙowa ba. Kuɗi ma ba su sayen wannan. Google, da duk dukiyarsa, ya buɗe Google+ a 2011 don ya kara da Facebook, ya rufe shi a 2019. A Afirka ta Kudu an yi Mxit, wanda aka fara a 2005, ya tara miliyoyin matasa masu ƙananan wayoyi. Da manyan wayoyi da WhatsApp suka zo, jama'a suka watse, aka rufe shi a 2016. Waɗanda suka yi yayin 2go wajen 2012 su ma sun san yadda kasuwa ke tashi ba tare da an yi shela ba.

Misalin da ya fi kusa da mafarkin samarinmu shi ne Koo na ƙasar Indiya. An fara shi a 2020 da niyyar mutane su yi magana da harsunansu na gida. Da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter a watan Yunin 2021, ta koma Koo, har Hausa ta shiga cikin harsunan da yake aiki da su. Masu shi sun tara jarin da ya haura dala miliyan 60. A watan Yulin 2024 suka rufe shi, suka kuma bayyana cewa kuɗin riƙe irin wannan dandali ya yi yawa, kuma cinikin sayar da shi bai faɗa ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Saura tambayar da ta fi duka: in an kashe, ta ina za a mayar? Kusan duk kuɗin da Facebook ke samu daga talla ne. Alƙaluman kamfanin na watanni ukun ƙarshen 2023 sun nuna yana samun wajen dala 68 a kan kowane mutum a Amurka da Kanada, amma dala 4 da rabi kacal a rukunin ƙasashen da Afirka ke ciki. Mu da muke bin ƴan kasuwa shago-shago don su sa talla a rediyo, mun san yadda ake jan jika biyu kafin ta fito daga aljihu. In kuma aka ce masu shiga su riƙa biya, sai su ce ga na kyauta can.

Wani zai ce, to Malam, sai mu zauna har abada muna haya a gidan wasu? Tambayar tana da nauyi, ba kuma za mu yi mata riƙon wasa ba. Kamfanin da ke Amurka yana iya rufe shafin ƙungiyarku gobe ba tare da ya ji ta bakinku ba. Hirarmu da hotunanmu da tallanmu duk shi suke yi wa kiwo. Harshenmu ma yana buƙatar gidan kansa. Duk wannan gaskiya ne. Amma mai son fita daga haya ba ya fara da ginin bene, ɗaki ɗaya yake tayarwa ya shiga, in hali ya samu ya ƙara.

Abin da muka shawarci samarin nan shi ne su bar maganar karawa da Facebook, su nemi buƙata ɗaya da ba wanda ya biya wa mutanen yankinmu. Manomi na son sanin kuɗin tiyar wake a kasuwanni uku kafin ya ɗora buhunsa a amalanke. Makiyayi na son labarin rijiya da makiyaya da cigiyar dabba. Akasarinsu kuma da murya suke so, ba da rubutu ba. Su gwada wannan tukuna a zauren WhatsApp, wata shida, ba tare da sun kashe komai ba sai kuɗin kati. In mutane suka riƙa dawowa, har wasu suka yarda su ba da ɗan abin hannu, to akwai kasuwa. In ba su dawo ba, an gane gaskiya, gona kuma tana nan.

In abin ya kama, ba dole sai an gina daga tushe ba. Akwai manhajoji na kyauta irin Mastodon, wadda wani matashi a Jamus, Eugen Rochko, ya fitar a 2016. Ƙungiyoyi da dama a duniya na ɗora ta su yi ɗan dandalinsu, mambobi su riƙa haɗa kuɗin haya duk wata. Mu da muka san adashi, wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Ga kuma ɗaliban kwamfuta a jami'o'inmu na Yamai da Maraɗi da Damagaram da ke neman inda za su gwada hannunsu. A jawo su a zama abokan aiki, ya fi a biya baƙo ya yi ya tafi.

Duk wanda kuma ya zo muku da farashi, ku zaunar da shi ya rubuta a takarda: nawa za a riƙa biya duk wata in mutum dubu suka shiga, nawa in sun kai dubu hamsin? Wa zai gyara in ya lalace, a kan nawa? Da sunan wa za a yi rajistar shafin, kuma mabuɗansa na hannun wa? Wanda ya riƙe suna da mabuɗi shi ne mai gida, ko da ku kuka biya. In kuka haɗa lissafin shekara biyu kuka ga ba ku da shi a hannu, to da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Samarin sun saurare mu har aka kira magariba. Babbansu ya ce, "Kawu, ka kashe mana jiki." Muka ce masa jikin da ya mutu yau zai tashi gobe, amma gonar da aka sayar ba ta dawowa. Mun kuma yi musu tayin minti goma sha biyar duk ranar kasuwa, su riƙa karanta farashin da suka tattaro, su kuma faɗi lambar zaurensu a iska. Biyu daga cikinsu sun zo makon da ya biyo baya da ɗan littafinsu. Na ukun, mai gonar, har yanzu muna jiran sa.

Iyaye da yayye, in ɗanku ya zo da wannan magana kada ku yi masa dariya, domin niyyarsa mai kyau ce. Ku dai tambaye shi kuɗin dawa kafin a je kasuwar dawaki. Allah ya sa mu dace.