Idan Saniya Ta Yi Tari, A Duba Akuya

A 2011 aka fara gano ƙwayar cutar mura nau'in D a jikin alade a jihar Oklahoma ta Amurka, daga baya aka fahimci shanu ne babbar maɓoyarta. Gwajin jini ya nuna alamunta a awaki, an kuma ga sawunta a shanun Benin da Togo. Wasu ƙwayoyin da ke kama huhun maruƙa ma suna iya hayayyafa a hanyar numfashin akuya.

A rugagenmu kuwa, saniya da akuya mashaya ɗaya suke zuwa, kuma akuyar nan ita ce jarin matar karkara. Muna kira ga cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ta riƙa gwada awaki duk lokacin da tari ya ɓarke a garken shanu.