Na Bisa Ba Lalle Ne Na Gaskiya Ba

Zuwa ga Edita,

Wani malamin makaranta ya tare ni a kasuwar Kabo, ya ce, "Malam Akawu, ashe ba shafin da Google ya ɗora bisa ne na gaskiya ba?" Ƙanensa ya biya Naira 15,000 a wani shafin ɗaukar ma'aikata, har yau shiru.

Na ce masa sau da yawa na bisan nan talla ce, kuɗi aka biya. Waɗansu kuwa dabarar jera kalmomi ta hau da su. Jama'a, ku duba adireshi: na Gwamnati galibi da .gov.ng ya ke ƙarewa. Alamar kwaɗo kuwa, ɓarawo ma yana samunta. Lambar sirrin katinku, ko banki ba ya tambayarta.

Naku,
Akawu, Kabo.