Murɗa, Murɗe, Murɗiya: Darasin da Ke Ƙeyar Kalma

Masana nahawun Hausa suna kiran ɗan guntun da ake liƙa wa kalma daga ƙarshe ɗafa-ƙeya, kuma saiwar "murɗ-", wadda asalin ma'anarta shi ne juya abu da ƙarfi har ya karkace, tana cikin waɗanda suka fi fito da aikinsa fili. Saiwar ba ta tsayawa da ƙafarta, sai an ɗora mata wasali a ƙeya, kuma kowane wasali da irin saƙon da yake ɗauke da shi.

Wanda ya murɗa makulli, ko ɗan acaɓa da ya murɗa totur, ya aikata juyawar ne kawai a kan abin. Idan aka ce ɓarawo ya murɗe kwaɗon ƙofa, wasalin "-e" ya nuna cewa aikin ya kai maƙura, kwaɗon ya tashi daga aiki, shi ya sa ake cewa ciki ya murɗe ko al'amari ya murɗe idan ya ƙi warwaruwa. Wasalin "-o" yana jawo aikin zuwa wajen mai magana, kamar a ce yaro ya murɗo reshen mangwaro, yayin da "-u" ke kawar da mai aikin, ya bar abin da aikin ya faɗa wa: ƙarfen ya murɗu, ko kuwa ba ya murɗuwa. F. W. Parsons, malamin Hausa a Jami'ar Landan, shi ne ya tsara waɗannan sigogi a 1960 zuwa azuzuwan aikatau bakwai, inda murɗa ke aji na 1, murɗe na 4, murɗo na 6, murɗu kuma na 7, tsarin da Paul Newman ya faɗaɗa a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000.

Daga wannan saiwa ne siffa "murɗaɗɗe" ta fito, ta hanyar maimaita baƙin ƙarshe, ana faɗarta ga waya da ta karkace, ana kuma faɗarta ga mutum mai wuyar sha'ani. Amma "murɗiya" ce ta fi yin nisan zango, domin ta baro hannun maƙeri ta shiga fagen mulki da shari'a, ta zama sunan danne gaskiya da ƙarfin tsiya. Bahaushe ya ga cewa haƙƙi abu ne miƙaƙƙe, don haka wanda ya murɗe zaɓe ko hukunci ya yi masa abin da ake yi wa wuyan kaza, kuma wasalin "-e" yana shaida cewa ba a bar wa mai haƙƙi komai ba.

Abin takaici shi ne yadda ake koyar da wannan ilimi a makarantu ta hanyar haddar lambobin azuzuwa, ɗalibi ya rera su ranar jarrabawa, ya fita bai san cewa tun yana goye yake jin waɗannan sigogi a bakin uwarsa ba. Ya kamata malaman Hausa su fara da saiwa ɗaya mai rai irin wannan, su bar ɗalibai su juya ta da bakinsu kafin a gaya musu lambarta. 'Yan jarida kuma su riƙa lura da wasalin ƙarshe, domin mai cewa "an murɗe" yana neman wanda za a tuhuma, mai cewa "ya murɗu" kuwa ya rufa wa mai laifi asiri.