Kafin mu zagi Bature, mu leƙa wayoyin 'ya'yanmu

Kwana biyun nan wani guntun bidiyo na ta yawo a WhatsApp tsakanin mutanen Kankia da Kusada: Bature sanye da riga mai launi barkatai, yana rera waƙa ana taka rawa, wai shi ne Annabi Yusuf (AS). Kowa sai Allah wadai. Ni ma abin ya sosa mini rai, amma jama'a mu gaya wa juna gaskiya.

Fim ɗin ba sabo ba ne. Sunansa Joseph and the Amazing Technicolor Dreamcoat. Andrew Lloyd Webber da Tim Rice suka tsara shi a matsayin wasan dandamali na waƙe, aka fara yin sa a wata makaranta a Landan a 1968, aka mayar da shi fim a 1999. Daga Baibul suka ɗauko labarin, har sarkin Masar suka mayar mawaƙi irin Elvis Presley. Su ne kuma masu Jesus Christ Superstar da ya zama fim a 1973, wanda Kiristoci da dama ma suka yi tir da shi.

Wannan nasu ke nan. To mu fa? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Gida nawa ne a garin nan ba a kalli fim ɗin Annabi Yusuf na ƙasar Iran ba? Wanda Farajollah Salahshoor ya shirya, ya fito a 2008, kashi 45, Mostafa Zamani ya fito a matsayin Annabin Allah, fuska a fili. An fassara shi da Hausa, masu tura fina-finai na loda wa mutane a waya, da azumi a zauna har da yara ana kallo ana hawaye. A nan ban ji tsinuwa ba.

Za a ce ai wannan babu rawa, kuma yana koyar da tarihi. Haba! Suratu Yusuf aya 111 ce. Da me aka cike kashi 45? Da ruwayoyi, da kuma hirarrakin da marubuci ya ƙirƙira ya sa a bakin Annabi. Yaro ɗan shekara goma ta ina zai bambance abin da Alƙur'ani ya faɗa da abin da darakta ya ƙara? Gobe in malamin Islamiyya ya zo wannan sura, fuskar ɗan wasa ce za ta faɗo masa a rai. Wallahi wannan ya fi mini ciwo da na Bature, don na Bature kowa ya gani ya san wasa ne, wannan kuwa a matsayin karatu ake ɗaukarsa.

Kar wani ya juya maganar ta koma Shi'a da Sunna. Ko daga Makka aka yi shi, abin da zan faɗa ke nan. Malaman Azhar sun daɗe da hana fito da Annabawa a fim, kuma a kan haka ne Qatar da Bahrain suka hana nuna fim ɗin Noah a 2014.

Kuma akwai mafita. Moustapha Akkad ya yi The Message a 1976, ya ba da tarihin farkon Musulunci ba tare da nuna Manzon Allah (SAW) ko jin muryarsa ba, har yau ana kallo.

Kano na da hukumar tace fina-finai tun 2001, kullum muna kan 'yan Kannywood saboda waƙa da rawa. Abin da ake lodawa a waya fa, wa ke tace shi? Babu kowa sai kai uba, sai ke uwa. Malamanmu na Islamiyya kuma, don Allah ku riƙa ba yara ƙissar nan tun kafin waya ta riga ku.

In za mu yi fushi, mu yi shi da ma'auni ɗaya. Allah Ya sa mu gane.